Gogen Da Na Shanya A Rana

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokin nan naka da ya ba ka wurin kwana a Giza. Ka gaishe shi, ka ce na gode, ko da yake ban san iyayensa ba. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya tsare ka a inda ka nufa, Ya raba ka da sharrin mutane da sharrin zuciyarka. Mu nan unguwar Faisal lafiya lau, in ka cire cewa Innarka ta daina yi mini magana sai ta bakin kwano. Ta dire abinci da ƙarfi, ta ɗauke da ƙarfi.

Ta dai isar mini da saƙonka. Ka ce jirgin Italiya ranar Lahadi ne, makarantar masu sassaƙa gogen Turawa tana jiranka, kuma in ban sa maka albarka ba, ba za ka hau ba, amma gidan nan ma ba za ka dawo ba. To, na ji. Ka ɗora mini kaya a ka, ka koma Giza ka miƙe ƙafa. Zan ba ka amsa, sai dai ka san ni, ban iya yanke hanya ba. Kakata da ta rene ni ba ta taɓa kashe kura a farkon tatsuniya ba. Ka yi haƙuri ka karanta a jere, kada ka leƙa ƙarshe.

Bari in fara da Juma'ar da ta wuce, domin har yau jikina bai dawo daidai ba. Mun dawo daga masallaci, mun ci tuwo, ina shirin kishingiɗa, sai na ga ka taka kujera ka sauko da baƙin akwatin nan daga saman dulab ɗin tufafi. Akwatin da na hana kowa taɓawa tun ba a haife ka ba. Kafin in buɗe baki in tsawata, ka riga ka ɓalle maɓallansa. Ni abin da na san yana ciki gawa ce: gogen Turawa fasasshe, wuyansa a karkace, cikinsa a buɗe. Sai ga shi ka fito da goge lafiyayye yana sheƙi, da tsirkiyoyinsa huɗu, ka ɗora a wuya ka ja. Abba, wallahi da mamacin da na yi wa wanka da hannuna ne ya tashi zaune ya tambaye ni ƙarfe nawa, ba zan fi haka kiɗima ba.

Ka ce, "Baba, ni na gyara shi. Hotunansa na aika musu, da shi suka ɗauke ni."

Na juya wajen Innarka, na tarar ta ƙura wa fankar sama ido kamar ranar aka kafa ta. Na ce, "Ke, kin san da wannan?"

Ta ce, "Ni? Me na sani? Ni dai muciyata ce ta ɓata."

Sai a lokacin na fahimci cewa tun kana aji biyu a jami'a ka zare gogen, kuka naɗe muciya cikin tawul kuka saka a madadinsa don kada akwatin ya yi sakayau. Duk Juma'a sai na sauko da shi, in kakkaɓe masa ƙura, in ji nauyinsa, in yi ajiyar zuciya, in mayar ba tare da na buɗe ba. Ashe shekara da shekaru muciya nake yi wa ta'aziyya.

Ka ga na tashi na fita, ka ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne. Ban san inda nake ba sai da na tsinci kaina a bakin babban titi, masu mikrobas, ƙananan motocin hayar nan, suna ihun "Giza! Giza!" a kunnena, wani mai sayar da lemo yana kallon ƙafata. Silifas ɗin Innarka ne, mai furen roba. Da na dawo aka ce ka haɗa jaka ka tafi.

Yanzu saurara, in ba ka labarin gogen nan daga bakin mai shi. Na san ka ji shi wajen Innarka, amma ita takan ƙara gishiri a inda ba ya buƙata.

Na zo Masar karatun addini, tallafin ya ƙare kafin karatun ya ƙare. Usta Hamdi, Allah Ya jiƙansa, shi ne maigidan da ya ɗauke ni a warsharsa, wato shagon gyaran ud, molon Larabawa, wadda nake riƙe da ita yau a ƙasan benenmu. Hannuna ya kama da wuri, har ya fara barin mini shago. Wata rana da bazara wata dattijuwa daga unguwar Ma'adi ta aiko da gogen mahaifinta a sauya masa tsirkiya. Usta zai tafi ƙauyensu jana'iza, ya ce, "Ya Garba, tsirkiya kawai. Kawai na ce." Na ce tamam, na ji.

Na sauya tsirkiya, na ja, sai na ji muryar a dushe kamar mai mura. An daɗe da ajiye shi a ɗaki mai laima kusa da kogi. Nan take na ce ai wannan ciwon na san maganinsa. A gidanmu na taso ina gani, in damina ta yi nisa fatar goge ta saki, murya ta faɗi, sai a fitar da shi rana ko a kara shi kusa da wuta, fatar ta ɗame, ya dawo yana kuka garau. Har daɗi na ji a raina, na ce yau zan nuna wa Balarabe abin da bai sani ba. Na hau da shi saman bene, na shimfiɗa shi a kan murfin tankin ruwa tsakanin shanyar mutane da ɗakin tattabaru, na sauka na ci ful, dafaffen waken nan nasu, na yi azahar. Ranar Masar ta bazara, Abba, wadda ke narkar da kwalta.

Da na koma, wata maƙwabciya tana tsaye da kwandon wanki tana kallonsa. Ta ce, "Ɗana, wannan ma wanki ne? Tun ɗazu yake ƙara shi kaɗai." Na duba. Man da aka shafe katakon da shi ya tattashi kamar fatar gasasshen tattasai. Fuskar ta tsage daga sama har ƙasa. Gam ɗin da ya riƙe haƙarƙarinsa ya saki, wuya ya sunkuya. Na ɗaga shi, wani ɗan itace yana kwaramniya a ciki. Na zauna daɓas a kan siminti mai zafi ban ma ji zafin ba.

Usta ya dawo washegari. Ya buɗe akwatin, ya mari fuskarsa da hannu biyu, ya ce, "Ya nahar iswid! Wannan baƙar rana! Me ya same shi? Mota ta taka shi?"

Na ce, "Shanya shi na yi."

"Ka yi me?"

"Na shanya shi, Usta. A garinmu haka ake yi."

"Kifi ne? Barkono ne? A garin naku da me ake yin sa?"

"Da ƙwarya da fatar guza."

Ya ɗago gogen ya kara mini a hanci. "Duba da kyau, ya Garba. Ka ga guza a nan?"

Ga nasihata ta farko, kuma da gumi na saye ta. Ranar da ka ji zuciyarka ta ce "ai wannan na san shi", ranar ka ajiye wuƙa ka nemi wanda za ka tambaya. Jahilci bai fasa gogen nan ba, abin da na sani ne ya fasa shi. Maganin gaskiya ne, amma na wani mara lafiya ne. Za ka isa can da hannun da ya saba da katakon Masar da iskar Masar. Ƙasarsu sanyi ne da hazo, itacensu daban, gam ɗinsu daban. In malaminka ya ce tsirkiya kawai, to tsirkiya kawai, ko da kana ganin ka fi shi gani.

Usta ya ce shi ba zai je ba, wanda ya shanya shi ya kai. Na shiga metro zuwa Ma'adi da akwatin a cinya, ina jin kowa a jirgin ya san abin da ke ciki. Madam ɗin tsohuwa ce ƙarama, kakanninta daga Italiya suka zo, ita a Iskandariya aka haife ta, Larabcinta ya fi nawa. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Na shirya wa zagi, na shirya wa 'yan sanda. Sai ta ce in zauna, ta sa aka kawo shayi. Wannan shayin ya fi mari zafi.

Ta ce, "Ka san surar wa ka gasa?"

Na ce ban sani ba.

A nan na fara jin labarin tsohon nan na garin Cremona, wanda kai yanzu za ka je ka taka ƙasar da ya taka. Ta ce mutum ne da ya rayu shekara ɗari huɗu da ɗoriya da suka wuce, masassaƙi, kuma ba a ma tabbatar wa ya koya masa ba. Kafin shi ana yin kayan tsirkiya iri iri, kowa da yadda ya ga dama. Yana cikin na farkon da suka tsayar da wannan sura, da ƙugu a tsakiya, da tsagu biyu a fuska, da kai a naɗe kamar dodon koɗi, har yau kuma ba a sami abin sauyawa mai yawa ba. Sunansa ya kai fadar sarkin Faransa, aka yi odar kaya jeri guda, manya da ƙanana, aka zana tambarin sarauta da ruwan zinariya a bayansu. Ta ce kaɗan daga cikinsu suna nan har yanzu, kuma in an ja suna amsawa.

Na ce, "Madam, katako? Shekara ɗari huɗu?" Ni da na taso inda ƙwaryar goge in ta ga damina goma an ce ta tsufa. Sai na nuna akwatin na ce, "Wannan nasa ne?"

Ta ce, "Da nasa ne, ba shayi zan ba ka ba. Kwaikwayo ne, an yi dubunsa a kan surarsa. Amma shi mahaifina ya riƙa ja mana kowace Lahadi." Ta rufe akwatin ta turo mini. "Tafi da shi. Ni ba zan iya kallonsa ba. Kai kuwa ya kamata ka riƙa kallo."

Ban kalla ba. Na rufe na ɗora a sama. Wannan ma kuskure ne, amma ƙarami, kuma kai ka riga ka gyara shi, saboda haka na wuce.

Abin da ya sake kashe mini jiki shi ne wanda Innarka ta nuna mini a waya shekaranjiya. Ta ajiye wayar a gabana kamar yadda take ajiye kwano, ta ce, "Ɗanka ya ce ka kalla." Hoton bayan ɗaya daga cikin manyan gogunan tsohon nan ne, mai zanen. Na ga zanen bai haɗu a tsakiya ba, kamar zanen da tela ya rage. Ashe bayan mutuwarsa da daɗewa wasu masassaƙa suka ga manyan sun yi wa makaɗan zamaninsu girma, suka sa zarto suka rage su, suka ratsa ta cikin zanen zinariyar, suka sake haɗewa. Wuyan ma suka sauya. Ba ɗalibi baƙo daga ƙasar Hausa ba, Abba. Turawa, ƙwararru, masu shago da suna! Na riƙe baki na ce innalillahi. Ni tawa ranar ta yi aikinta tsakanin hantsi da azahar, cikin rashin sani. Su da gangan suka auna, suka ja layi, suka yanka.

To ga ta biyu. Kada ka je can ka ɗauka duk mai farin gashi da gilashi a hanci ba ya kuskure. Ka girmama su, ka koya, amma ka riƙe wannan: abin da in ka yi shi ba za ka iya mayar da shi yadda yake ba, ka kwana a kansa kafin ka yi. Gam ana narkarwa a sake. Katakon da wuƙa ta ɗebe ba ya dawowa. Haka magana take, haka aure yake, amma wannan wani karatun ne, sai ka dawo hutu.

Yanzu in zo ga wanda ya fi mini nauyi. Ka san sunan mahaifina na sa maka, shi ya sa ba na iya kiran ka sai da Abba. Na ba ka sunansa, sana'arsa kuwa na binne ta. Kakanka mai goge ne. A ƙauyenmu na wajen Gumel ba a biki, ba a gayyar noma sai da shi, kuma ba zan ɓoye ba, 'yan bori ma suna kiran sa. In ya ɗora izga a kan tsirkiya, tsofaffin mata sukan ajiye tulu su tsaya. Amma da na shiga cikin ɗaliban ilimi a nan, kowa ɗan liman ne, kowa jikan alƙali ne, aka tambaye ni me babana yake yi, sai na ce manomi. Na faɗa sau ɗaya, sai ya zama dole in riƙa faɗa. Gyaran ud kuwa na ce aikin kafinta ne, lalura ce.

Da ya rasu, yayana ya kira ni ya ce, "Garba, ga gogen Baba a rataye, babu mai ja. In ba wani matafiyi ya kawo maka?" Na ce a'a, a bar shi nan, ina zan kai shi a cikin malamai. Da na je gida bayan wasu shekaru na ce a nuna mini, sai aka nuna mini ƙusar. Gara ta cinye ƙwaryar, ɓera ya ja izgar. Su can sun sa na tsohonsu a cikin gilashi, da mai gadi, da na'urar auna laima. Ni nawa tsohon, ƙusa ta rage. Kuma ba gara ce ta yi ba, ni ne na ce a bar shi.

Jiya bayan la'asar muna zaune a ƙofar masallaci, Alhaji Sani mai kai ɗalibai filin jirgi ya ce, "Malam Garba, an ce Abba zai wuce Turai. Injiniyancin zai ƙaro?"

Na ji tsohuwar amsa ta taso har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Na ce, "Sassaƙar goge zai koyo."

Alhaji Sani ya ce, "Goge? Subhanallahi! Ɗanka, da digirinsa?"

Na ce, "Jikan mai goge ne. Babana mai goge ne."

"Ai ka ce manomi ne."

Na ce, "Da damina."

Ina jiran ƙasa ta tsage, sai wani dattijo cikin Hausawan Sudan, wanda muke sahu ɗaya da shi fiye da shekara ashirin, ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya ce, "Ma'alish, ba komai ya Malam, ai mun daɗe da sani. Wani mutumin Gumel ya gaya mana tun kana saurayi. Mun ga ba ka so ne muka ƙyale ka." Na dawo gida a sanyaye na gaya wa Innarka, sai ga shi ta yi mini magana ba ta bakin kwano ba. Ta ce, "Shi ma Abban ya sani tun yana firamare. Ni na gaya masa." Abba, wace irin rayuwa ce wannan? Sirrin da na yi ta ɗauka ina nishi, ashe ni kaɗai ne ban san ya fasu ba.

Saboda haka in sun tambaye ka a can, daga ina hannunka ya fito, kada ka ce daga jami'a. Ka ce kakanka yana ɗaure fatar guza a kan ƙwarya, da tsirkiya guda ta izgar doki yana sa gari kuka. Ka kwatanta musu yadda ake yi. In sun yi dariya, su yi. Wanda ya ji kunyar inda ya fito, kullum a tsaye yake kamar baƙo, ko a ɗakinsa. Na yi wannan tsayuwar, ƙafa take kashewa.

Batun halacci kuwa, na san za ka ji shi, kamar yadda na ji. Na karanta maganganun malamai a kan kiɗa, masu tsanantawa da masu sassautawa, ban isa in rufe maka ƙofar da su ba su haɗu sun rufe ba. Abin da zan ce shi ne kada sana'a ta ci maka salla. In lokaci ya yi, ajiye wuƙa, ko gam yana kan wuta. Ka nemi masallaci tun makon farko, ko na 'yan Maroko ne ko na 'yan Senegal. Ka tambayi abin da ke cikin abinci kafin ka kai baki. Ka sayi rigar sanyi ta gaske, ba irin wadda kake yawo da ita a nan don 'yan mata su gani ba.

Saura kuskurena a kanka. Tun kana rarrafe kake bin ƙamshin katako. Kana ɗan shekara bakwai na same ka ka saci guntun itace kana goga shi da takardar yashi a bayan ƙofa. Na ƙwace, na ce warsha ba wurinka ba ce, kai injiniya za ka zama, ka sa riga mai guga, kada wani ya tambaye ka sana'ar ubanka ka yi in-ina. Tun daga ranar ban bar ka ka wuce bakin ƙofa ba. Na ɗauka gata nake yi maka. Sakamakon shi ne ka je wajen wani usta a bayan jami'a, wanda ban san ko sunansa ba, shi ya riƙe hannunka ya nuna maka yadda ake dafa gam, ni ina nan ƙasan ɗakinka da tukunyar gam ɗina. Wannan ya yi mini ciwo, kuma babu wanda zan kama da laifi.

Madam ta gaya mini ƙarshen labarin gidan tsohon nan, a lokacin ban ga abin da ya shafe ni a ciki ba. 'Ya'yansa biyu suka gaje shi, daga baya suka raba shago. Sana'ar tana cikin gida, uba ya ba ɗa, ba a ba bare. Sai annoba ta faɗa wa garin a zamanin jikansa, ta kwashe mutane, har da na gidansu, ya waiwaya bai ga wanda zai miƙa wa ba. Sai ya buɗe ƙofa ya ɗauki 'ya'yan wasu ya koya musu. Daga wannan buɗe ƙofar garin ya cika da masassaƙa, har ga shi yau suna karɓar ɗan Faisal. Shi sai da annoba ta tilasta masa ya ba bare. Ni lafiyata ƙalau na hana nawa. In Allah Ya ba ka ilimin nan, duk wanda ya tsaya a bakin ƙofarka yana leƙe, ka ce ya shigo. In ɗanka ne, ka ba shi kujera.

Amma kai ma ba ka fita ba. Shekaru kana cin tuwo da ni, kana kallona ina kakkaɓe akwatin muciya, ba ka ce komai ba. Na san ni na koya maka ɓoyo, a wajena ka gani. To ka bar shi a nan Masar, kada ka sa shi a jaka. In ka fasa wa malaminka kaya, gaya masa kafin ya gani. In karatu ya yi tsanani, in kaɗaici ya dame ka, in ka ga wadda ta kwanta maka a rai, kira ka faɗa. Ko zan fita da takalmin mata, zan dawo.

Yau da hantsi na rufe warsha, na ɗauko gogen na kai shi bakin taga, a inuwa. Na sa gilashi na bi tsagar nan da na sani kamar layin tafin hannuna. Na neme ta da ido, na neme ta da farce, da ƙyar na gano inda take. Na leƙa ciki da madubi na ga ƙananan facin da ka jera, kowanne ka bi jijiyar itacen. Na duba inda man ya ƙone, na ga ba ka kankare tsohon ka shafa sabo ba, ka lallaɓa shi ne ka cike gurbin. Na yi shekara talatin ina wannan aiki, kuma ina gaya maka a rubuce don kada in musa daga baya: ba zan iya ba. Jakin da tsirkiyoyin ke hawa dai ka bar shi da ɗan kauri ta gefen hagu. Wannan na gani. Dole in ga wani abu, ni ne uba.

Na daɗe zaune da shi a cinya. Ina ta neman dalilin da zan ce kada ka tafi, duk wanda na ɗauko sai in ga ba naka ba ne, nawa ne. Tsoron bakin mutane, tsoron ɗakinka ya zama wurin ajiyar kaya, tsoron in tsufa in mutu kana wata ƙasa. Na farkon ya mutu jiya a ƙofar masallaci. Sauran biyun ni da su, ba kayanka ba ne.

To ga amsarka. Na yarda. Ka tafi.

Sai dai albarka ba a rubuta ta a takarda, ba a tura ta ta waya, ba a ba Inna ta kai. Da hannu ake sa ta, a ka. Saboda haka gobe Asabar ka hau mikrobas ka zo gida. Kada ka hau sama, ka shigo ta ƙofar warsha, har ciki, har bakin tebur. Ka fi ni tsawo yanzu, dole ka durƙusa, ni kuma gwiwata ba ta son tsayuwa, saboda haka kada ka sa ni jira. Yalla, maza.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka lafiya. Allah Ya haɗa ka da malamai masu tausayi da maƙwabta nagari. Ya tsare idonka da yatsunka, Ya tsare imaninka fiye da su. Ya kare ka daga sanyin ƙasarsu da zafin zuciyar samartaka. Ya sa in kana da rabon daɗewa a can, mu ma Ya ba mu tsawon ran da za mu ga dawowarka. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba
Faisal, Alƙahira